Abin da ke Cikin Kwalba

"Me kike zuba wa ɗana a cikin wannan?"

Hajiya, mahaifiyar Jamilu, ta dangwarar da 'yar kwalbar a gaban Fiddausi. Daga masana'antar Sharada inda suke aiki da Jamilu aka kirawo ta gidansu a Hotoro, ko rigar aiki ba ta cire ba. Saura wata biyu bikinsu.

"A jakarsa na tsinta!" in ji Badi'a, ƙanwar Jamilu, wadda ta daɗe tana yi masa tallan ƙawarta. "Wata uku ke nan ba ya taɓa salak ɗin gidan nan. Ya bar lemo, shayi ma sai lami. Dubi yadda ya rame! In ba asiri ba, mene ne?"

Fiddausi ta ɗago ido ta nemi Jamilu.

Yana bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Shi ya sa ta rantse, ranar da likita ya ce masa ciwon suga ne. Ciwon da ya ci ƙafar mahaifinsa, Malam Sule, kafin ya ɗauke shi. "Fiddo, kar Hajiya ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba..." Haka muke, mu ɓoye cuta har ta kai mu kushewa, sannan mu ce kwana ne ya ƙare!

"Hajiya, mahaɗin salak ne," in ji Fiddausi. "Man gyaɗa, lemon tsami, kindirmo, tafarnuwa, garin ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri. Ku ɗanɗana."

"Allah ya tsare ni! Kirim ɗin salak na kanti ya ƙare ne?"

"Aikina ke nan a masana'antarmu, auna sugan da ke shiga irinsa. Na san abin da ke ciki."

"To ina ruwan ɗana da suga?"

Fiddausi ta kalli kwalbar.

Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ba tata ba ce. Hawaye suka zubo mata.

"Jamilu... masoyina, ka yi magana mana."

Bai motsa ba.

"Kun gani?" Badi'a ta tafa hannu. "Ta kulle masa baki!"

"Gobe Baffansa zai je gidanku a fasa auren," Hajiya ta ce.

Fiddausi ta miƙe ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta tsaya daf da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Na riƙe maka amana har an kira ni mai asiri. Amma shirun nan naka shi zai kashe ka, ba suga ba. Kwalbar tana kwana uku a firij, bayan nan ka san yadda za ka yi."

Ta sa takalmi ɗaya ke nan ta ji muryarsa a bayanta.

"Hajiya... ciwon Malam ne da ni."

Badi'a ta dafe ƙirji.

Hajiya ta jawo kwalbar, ta tsoma yatsa ta kai baki. Tsami ne ko kuka ya yamutsa fuskarta, ba wanda ya sani.

"Shekara tara ina zuba wa Malam zaƙi don ya ji daɗin ci..." ta ce a hankali.

Ta share ido da gefen mayafi.

"Ke, 'yar nan, cire takalmin nan. Lemon tsami nawa kike matsawa?"