Kwalba Ta Bakwai

"Malam Zubair, mutumin nan tun Juma'a aka binne shi. Mi zai sa awon jininsa ke ƙara hawa?"

Tabitha ce, abokiyar aikin maigidana, take tambayarsa lokacin da na iso ɗakin gwajinsu da kular ƙanƙara. Tun hantsi aka ɗauke wuta, ya aiko in kawo ƙanƙara daga unguwar Kambarawa. Ya karɓi kular daga hannuna. Ta ɗauki jakarta ta wuce.

Ni ban yi nisa a boko ba. Ya dai taɓa gaya mini iskar da muke shaƙa tana barin wani abu a jini, mai cin jiki kamar tsatsa. Shi yake aunawa. Yakan ɗiga magani a jinin ya yi kore, yawan koren yawan tsatsar. Haske na ɓata maganin, shi ya sa a duhu suke aiki. Shekara biyu yana tara kwalaben nan, da su zai samu digirinsa.

Aka kira magariba.

"Zauna nan, Indo. Kada ki kunna tocila."

Ya fita salla, ya ja ƙofa.

Ƙanƙara na narkewa, ɗis, ɗis. Ƙarƙashin wata 'yar fitila shuɗiya mai batir, kwalabe a jere, kowace korenta a tsaye. Ban da ta bakwai. Nata ya ƙaru, ya ragu. Ya ƙaru, ya ragu.

Na riƙe numfashina. Wani a ɗakin bai riƙe nasa ba.

Ƙamshin kafur. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Baiwar Allah." Muryar tsoho, daidai kunnena. "An kai ni ban cika ba. Saurana na nan."

Ko a'uzubillahi na kasa.

"Sanyi nike ji," in ji muryar.

Na miƙa hannu. Kwalbar da ɗuminta, a tsakiyar ƙanƙara.

Na damƙe ta ƙarƙashin hijabi, na fita a guje da takalmi ɗaya. Tana bugawa a tafina har gindin katangar maƙabarta. Na tona da yatsu, na rufe.

Ƙamshin ya ɗauke.

Na ce wa maigidana ciwon ciki ne ya kore ni gida. Kwana uku yana birkita ɗakin. Ogansa ya ce babu kwalba, babu sa hannu, sai ya ƙara wata shida. Tabitha ta daina gaishe shi, don ita ya fara tuhuma.

Jiya ya ture tuwo, ya dube ni.

"Indo, ranar nan ba ki ga wani ya shigo ba?"

Na girgiza kai. Gaskiya ce, ban gani ba. Sauran maganar kuwa, da ita za a binne ni.