Ƙararrawar Venis a Gidan Makoki

Kwana talatin da shida ke nan Zinariya, 'yar aiki daga Damagaram, tana kulle tare da Hajiya Kaltuma a wani bene a unguwar Al-Sih ta Madina. Najwa, 'yar Hajiya, ta tafi yawon buɗe ido birnin Venis na Italiya, inda tituna ruwa ne, ta murɗa mukulli daga waje, ta tafi da wayar Zinariya don kada yayanta Abdulfattah, ɗan Hajiya mai aiki a Dammam, ya san ta bar mahaifiyarsu.

Ranar wata Talata da la'asar Hajiya ta riƙe hannun Zinariya, ta yi kalmar shahada, ta cika. Zinariya ta rufe mata ido, ta juya ta alƙibla, ta lulluɓe ta, ta ƙure sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ta buga ƙofa har tafin hannunta ya fashe... shiru! Iska na ɗaga gefen mayafin tana sauke shi kamar mai numfashi, ita kuwa tana gefe tana maimaita Yasin cikin hawaye, har washegari maƙwabta suka ji muryarta suka ɓalle ƙofar.

Bayan an kai Hajiya maƙabartar Baƙi'a, Najwa ta iso tana kururuwa. Ta rantse a gaban dangi cewa Jidda kawai ta je kwana biyu, wannan baƙuwar ce ta kulle gida ta bar tsohuwa da yunwa, don haka a miƙa ta ga hukuma.

"Allah ne shaidata, ya Ammi," in ji Zinariya ga Abdulfattah da ya iso daga Dammam, tana kiransa baffa da Larabci. "Ba ni da wani."

Domin ya kare ƙanwarsa, Abdulfattah ya kunna saƙon muryar da ta aiko masa makon jiya, tana cewa ga ta zaune kusa da Ummi tana ba ta shayi. Gwaggonsu Sundus ta ɗaga hannu, ta ce a sake kunnawa. Kowa ya kasa kunne. Can bayan muryar, ruwa na dukan bango, ƙararrawa na kaɗawa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Najwa," in ji Gwaggo, "yaushe aka fara buga ƙararrawar coci a Madina?"

Abdulfattah ya karɓe mukullin gidan daga hannun Najwa, bai sake dubanta ba. Gwaggo ta kamo Zinariya ta zaunar da ita a gurbin 'yar gida, kuma ita mata suka riƙa yi wa ta'aziyya har kwana uku.