Kwalbar Mutum Biyar

"Lukman, in dai wagga magana ce ta taso ka daga Maradun, ka yi asarar man mashin."

Zakiyya ta faɗa tana rufe akwatin sanyin da ake ajiye allurar korona, ko kallonsa ba ta yi ba. Shekara biyu ke nan bawan Allah yana jiran aurensu, kayan lefe har sun gaji da zaman akwati.

"Haba Zakiyyata... Baba ya rasu, ba ki da baffa. In ba Yaya Tukur ba, wa za shi ba ni aurenki?"

"Kowa ma! Liman, alƙali, mai unguwa... amma ban da Tukur!"

Lukman ya san ciwon. Lokacin da annoba ta yi tsanani, Zakiyya tana aiki a wurin da ake killace masu korona. Sai aka aiko mata cewa mahaifinta ba lafiya a Birnin Tudu. Ta hau mashin da kayan aikinta a jiki, ta isa, ta tarar da yayanta Tukur ya tare ƙofar zaure. Ya ce ta koma da cutarta inda ta kwaso ta. Tun hantsi take tsaye a rana tana roƙonsa, tana jiyo tarin Baba daga ciki, har la'asar. Washegari Baba ya cika. Tun ranar ta rantse ba ita ba gidan, kuma Zakiyya ba ta iya rantsuwar wasa ba.

Suna cikin haka aka yi sallama. Ta ɗago kai, sai ga Tukur a bakin ƙofar ɗakin allura, ya rame, hularsa a hannu.

Wani daɗi mai ɗaci ya ratsa ta. Ashe dai ranar za ta zo!

"Tsaya nan," ta ce, tana gyara takunkuminta. "Kar ka matso. Mi kake so?"

"Zakiyya... ina wuni? Ya aiki?"

"Malam, mi kake so?"

Ya ce kujerar Hajjin Inna, mahaifiyarsu, ta fito, shi ne muharraminta, kuma gobe da safe za a rufe karɓar takardu. Ba katin rigakafi, ba tafiya. Sun je Bakura an ce allura ta ƙare sai mako mai zuwa, shi ne aka turo su Mafara.

"Ayya," in ji Zakiyya. "Kwalba guda ta rage mini, ta mutum biyar ce. In an buɗe ba ta kwana, don haka ba a fasa ta sai mutum biyar sun cika. Ƙarfe huɗu muke tashi."

Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Shugabar asibitin ta daɗe da ba ta izinin buɗewa saboda maniyyata, ko da mutum ɗaya ne. Lukman ya san haka. Ya dube ta, ta watsa masa harara.

"Ka jira waje. Kila Allah ya kawo mutane."

Tukur ya fita. Ta taga take hango shi tsaye a filin asibiti, rana na dukansa, yana tare duk wanda ya gifta yana roƙo. Mai rake ya yi masa dariya. Wata mata ta ja ɗiyarta ta yi gaba. Zakiyya ta zauna tana kallo, tana jira zuciyarta ta yi sanyi, amma ko kaɗan ba ta yi ba.

"Masoyiyata, ya isa haka," Lukman ya ce a hankali. "Ba shi kaɗai kike hukuntawa ba."

"Ni da nit tsaya tun hantsi, wa yac ce ya isa?"

Huɗu saura kwata labulen ya motsa. Wata tsohuwa ta shigo tana dafa bango. Inna Habiba ce, mahaifiyarta. Ashe tun ɗazu tana cikin mota, kunya ta hana ta fitowa.

Zakiyya ta ruga wajenta. Ta durƙusa tun kafin ta yi niyya.

"Inna..."

"Tashi, ɗiyata. Ki bar yaron nan haka, ba shi da laihi." Inna ta samu wuri ta zauna. "Ni nac ce ya tare ƙohwa."

Zakiyya ta ɗago kai ta dube ta.

"Mun ji ana cewa wanda duk anka kai wurinku, in ya cika ba a ba da gawa, ba wanka, ba sutura ta kirki. Na san in kin ji tarin babanku sai kin kira mota an tahi da shi. Na ji tsoro a rufe mini miji kamar ba shi da kowa. Tukur kuka yake a zaure yana korar ki. Ni nas sa shi rantsuwa kada ya hwaɗi."

"Inna, da an kai shi... da an sa mishi iska... kila da..."

"Na sani! Wallahi na sani. Kullum da shi nike kwana."

Zakiyya ta juya. Tukur na bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga, kansa a ƙasa. Shekara biyu tana tsine masa a zuci, shi kuwa ya ɗauka bai taɓa kare kansa ba. Yanzu ga mai laifin a gabanta, kuma ita ce mutum ɗaya a duniya da ba ta da ikon ramawa a kanta.

Ta miƙe ta buɗe akwatin sanyi, ta fasa kwalbar.

Tukur ta fara yi wa. Tana danna masa auduga ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Yaya... ka yahe mini. Dangin Lukman za su zo neman aurena wurinka Juma'a, kafin ku tashi."

Tukur ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Lukman ya rufe fuska da tafin hannu yana hamdala.

Sai Inna. Zakiyya ta ɗage mata mayafi, ta ga yadda dantsen ya zama fata da ƙashi. Sau biyu tana ɗaga sirinji tana saukewa, hawaye ya hana ta gani. A na uku ta yi. Ta cike katin, ta miƙa mata da hannu biyu.

Inna ta riƙe hannun, ta ƙi saki.

"Kin yahe mini, Zakiyya?"

Zakiyya ta durƙusa a gabanta. Ta kifa kanta a cinyar mahaifiyarta tana kuka mai cin rai.

"Inna, in kin isa gaban Ka'aba, ki roƙa mini Allah ya cire mini abin da ke cikin raina. Ni dai na gwada... na kasa."