Ranar da Dogo Ya Kwantar da Babur

"Baba, ni na tuƙo shi..."

Haka Auta ta faɗa tana tsaye a bakin shagona, ta rungume hular kwano a ƙirji kamar mai riƙe da jariri. Ƙafata ta tsaya cak a kan keken ɗinki.

"Kika tuƙo me?"

"Babur ɗin."

Na leƙa waje. Ga shi can jingine a gindin bishiya, zanƙalele kamar raƙumi, tayoyinsa haƙora-haƙora, laka ta bushe masa har kan fitila. Irin babur ɗin nan ne da ke bin kwalta ya bi daji, babu ruwansa da inda hanya ta ƙare. Mai shi yana durƙushe a gefensa, kai a sunkuye. Dogo ake ce masa a unguwa, mai gyaran famfon burtsatse, yaron da ya daɗe yana zuwa gidana neman Auta.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"An ɗan kwana biyu, Baba. A filin bayan makaranta yake koya mini."

"Mamanki ta sani?"

Ta gyaɗa kai. Na gane ni kaɗai ne baƙo a gidana.

Auta ita ce ƙaramar 'ya'yana, kuma ita kaɗai ta rage a gabanmu. Ta gama karatun ungozoma, aka tura ta wani ƙaramin asibiti da ke can gaba da inda kwalta ta ƙare. Mota sai ta ga dama take shiga wurin, da damina kuwa ko labarinta ba a ji. Dogo a ƙauyukan wajen yake aikinsa. Shirinsu shi ne in an yi aure su kama gida a garin da ke bakin kwalta, shi ya riƙa bin motar masu haƙar rijiya, ita kuma ya bar mata babur ta riƙa zuwa asibiti.

Maganar aure ban taɓa ƙin ta ba. Yaron yana da ladabi, yana da sana'a. Amma babu wanda ya gaya mini da babur za a haɗa.

"Ban yarda ba," na ce. "Ko ki bar babur ɗin nan da aikin dajin, ko ki bar mai babur ɗin. Ban haife ki don a kawo mini ke a nannaɗe da bandeji ba!"

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi gardama. Sai ta ajiye hular a kan teburin yanka, a hankali.

"To, Baba. Yadda ka ce."

Wallahi da ta yi mini tsiwa da na fi samun sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Auta tana shara, tana wanki, tana kawo mini abinci shago da rana, ta gaishe ni da murmushin da bai kai ido ba. Mamanta kuwa ta sa ni a gaba.

"Malam, kai dai tsoro ne zai kashe ka. Yarinyar nan lokacin da ta fara tafiya, ai bin ta kake yi da matashin kai."

"Ƙarya kike mini."

"Ƙarya? Ranar da ta fara zuwa makaranta wa aka kama yana leƙen taga?"

"Wucewa na zo yi."

"Da almakashi a hannu!"

Na bar mata ɗakin. Mai ɗa wawa ne, na sani, ba sai an tuna mini ba.

Wata la'asar na dawo da wuri, na tarar da su a ƙofar gida. Ba su gan ni ba, ni kuma ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Autata, kin rame," in ji Dogo.

"Kai ma ka rame. Dama can ba ka da auki."

"Ki bari in sake yi masa magana, rabin raina."

"Kar ka matsa masa. Ka san hawan jininsa... In na tafi ba da yardarsa ba, ko a kan kwalta nake ba zan ga hanya ba."

"To matan ƙauyen can fa? Kin ce tun da tsohuwar ungozomar ta bar wurin..."

"Na sani!" in ji ta. "Kana ganin ban sani ba? Amma shi ma ubana guda ne, Dogo."

Na juya na koma shago ba tare da na san abin da zan yi a can ba.

Washegari sai ga Dogo da wando a leda. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce gyara ya kawo. Na warware wandon. Gwiwar dama ta yage, an taɓa yi mata faci, facin ma ya yage.

"Faɗuwa ka yi?"

"E, Baba. Yashi ne ya kwashe ni a wani rafi."

"Sau nawa ka taɓa faɗuwa da abin nan?"

Na tambaya ne ina jiran ya ce sau ɗaya, in kama shi da ƙarya, in huta. Ya sosa ƙeya.

"Baba, ban ƙirga ba. Duk wanda ya ce maka yana shiga daji da babur bai taɓa faɗuwa ba, to turawa yake yi."

"Kuma a kansa kake son ɗora mini 'ya?"

"Ita ta ce in koya mata, Baba. Da farko na ƙi. Ta ce in ban koya mata ba, za ta riƙa hawa bayan duk ɗan acaɓar da ta samu a bakin kwalta, wanda ba ta san birkinsa ba, ba ta san abin da ya sha ba. Wannan kuwa na san shi kamar tafin hannuna. Kullum da safe sai na duba sarƙa na sa mata mai, na taɓa birki, na gwada iskar taya. Ita ma yanzu ba ta hawa sai ta yi haka."

Na sa zare a allura, hannuna yana ɗan rawa, sai a karo na biyu ya shiga.

"Ka zo ka gani da idonka, Baba. In ka gani ka ce a'a, wallahi ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Na amsa masa, amma ba don Allah ba. A raina na ce yarinyar da ko tulun gas sai an kama mata, ina ita ina wannan raƙumin? Za ta kasa a gabana, magana ta mutu, ba ni na kashe ta ba.

Ranar da babu makaranta muka je filin da hantsi, ni da Mamanta. Fili ne mai faɗi, gefe guda tsakuwa, gefe guda yashi inda ruwa ke bi. Auta ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar rigarta, ta ɗaure gefen rigar, ta sa takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu, da hular kwano. Ta zagaya babur ɗin, ta tsuguna ta taɓa sarƙa da yatsa, ta matsa birkin gaba, ta taka na baya.

Ina jira ta hau. Sai na ga Dogo ya kama kan babur ɗin, ya karkata shi a hankali, ya kwantar da shi a ƙasa warwas. Ya ja da baya, ya mayar da hannuwansa baya, ya tsaya.

"Bismillah," ya ce mata.

"Kai! Me kake yi haka?" na daka masa tsawa.

"Darasin farko ke nan, Baba. Ba a koyon tafiya sai an koyi ɗagawa."

"Abin nan ya ninka ta nauyi! Kana tsaye ƙato da kai?"

"Inda za ta je ba na nan, Baba." Ya faɗa a hankali, bai kalle ni ba. "Kai ma ba ka nan."

Na mayar da idona kan Auta.

Auta ta duba ta tabbatar yana cikin giya don kar ya gangara. Ta buɗe ƙafar jinginarsa da ke sama. Sannan ta juya masa baya, ta tsuguna, ta manna ƙugunta da kujerar. Hannu ɗaya ta kama kan babur, ɗaya ta kama ƙarfen bayan kujera. Ta ja numfashi, ta fara turawa da ƙafafu.

Ya taso kaɗan. Ya ƙara tasowa. Sai takalminta ya zame a kan tsakuwa, babur ya koma ƙasa tim, ita kuma ta zauna daɓas.

Ban san lokacin da na yi gaba ba. Mamanta ta cafke hannun rigata.

"Malam, tsaya."

"Sake ni! Bayanta zai ƙage!"

"Na ce ka tsaya. Ba ta kira ka ba."

Gaskiya ne, ba ta kira ni ba. Ba ta ma kalli inda nake ba. Ta tashi ta kakkaɓe hannu, ta share tsakuwar da gefen takalmi har ta samu ƙasa mai tauri, ta sake tsugunawa.

Na juya ga Dogo da niyyar in zazzaga masa abin da ke bakina. Daga inda nake tsaye ina ganin bayansa. Hannunsa na dama ya damƙe wuyan na hagu, ya matse har jijiyoyi sun fito, yatsunsa suna karkarwa. Ƙafarsa ɗaya ta ɗaga za ta yi gaba, ya mayar da ita. Leɓɓansa suna motsi, addu'a yake yi. Ta gaba kuwa, fuskar da yake nuna wa Auta, ko gezau, har da ɗan murmushi.

Na san wannan rawar hannun. Da ita nake kwana, da ita nake tashi tun ranar da aka miƙo mini yarinyar nan cikin zani. Ban taɓa zaton akwai wani mahaluki da ke ɗauke da irinta saboda Auta ba. Bambancinmu kawai, shi ya iya ɓoye tasa a bayansa ya bar ta ta yi abinta.

"Da ƙafa, ba da baya ba," ya ce mata. "Ƙananan taku... haka... haka, Autata!"

Ya manta ina wurin.

Babur ya taso, ya taso, ya miƙe, ya jingina a kan ƙafarsa ya tsaya. Auta ta ɗaga gilashin hular tana haki, gumi yana bin hancinta.

Mamanta ta saki rigata ta hau tafi. "Ka gani ko? Jinina ce!"

"Da ta faɗi ai tawa ce," na ce.

Daga nan ta hau. Ta tayar da shi, ta saki kulos a hankali, ta zagaya filin. Da ta iso yashi gabana ya faɗi, don na ga tayar gaba tana rawa, amma sai ta miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ta ƙara wuta kaɗan, ta ratsa ta fita. Ta dawo ta tsaya a gabanmu. A nan idona ya kai ƙasa: sai da ta zame gefe guda kafin kan yatsun ƙafarta ya taɓa ƙasa.

Ta kashe injin. Su ukun suna kallona.

Na zaro tef ɗin awo daga aljihu, don ba na fita babu shi. Na auna daga kan kujera zuwa ƙasa, na danna soson da babban yatsa.

"Wannan kujerar an yi ta ne don masu ƙafar zalɓe irinka," na ce wa Dogo. "Ka kwance ta ka kawo mini shago gobe. Maƙwabcina mai kushin zai rage soson, ni zan ɗinka mata sabuwar riga. Ba za ta shiga daji tana ɗangyashi a kan yatsa ba."

Dogo ya buɗe baki ya rufe. "Baba... wato..."

"Wato ka ce wa mahaifinka ina nan ranar da ya samu sarari. Sai na fassara maka?"

Ya zube a ƙasa, dogayen ƙafafun nan suka naɗe kamar na ɗan maraƙi. Auta ta sauko, ta cire hular, ta durƙusa a gabana ta kama hannuna da safar hannunta mai ƙura. Kukan da ta riƙe duk kwanakin nan sai yanzu ya zo.

"Baba, in har ranka bai so ba, wallahi..."

"Raina bai so ba," na ce mata. "Kuma ba zai taɓa so ba, 'yar albarka. Duk ranar da kika hau abin nan sai na kasa cin abinci har ki kira. Wannan nawa ne, ki bar mini kayana. Ke ki je, matan can suna jiranki."

Ta kifa goshinta a bayan hannuna. Na ɗora ɗayan a kanta, na yi mata addu'ar da ta zo bakina, rabinta ma ban ji me na ce ba.

Da muka kama hanyar gida, su biyun suna bayanmu suna tura babur ɗin a ƙasa, don Dogo ya ce ba za a tayar da ƙura a gaban surukai ba. Mamanta ta dube ni ta gefen ido.

"Malam, kuka ka yi?"

"Yashi ne ya shiga mini ido."

"To tsaya in hure maka."

"Bar shi," na ce. "Zai fita da kansa."