Huhun Goron Ɗan Takara

Ranar Talata da hantsi aka kai ƙara caji ofis cewa an fasa ɗakin ajiyar Malam Lurwanu a unguwar Anbariyya ta birnin Madina, an ɗauke huhun goro guda. Aka miƙa wa Sufeto Sharfuddeen aikin, don shi kaɗai ne mai jin Hausa a ofishin. Haifaffen Madina ne. Hausar tasa ta kakarsa ce, tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi.

Goron ba na sayarwa ba ne, na kamfe ne. A bazarar 1981 ɗin nan ƙungiyar Hausawan unguwa za ta zaɓi mai gabatar da ƙara, wato mai kai rigingimun jama'a gaban dattawa kafin hukuma ta ji. Babu albashi, babu ko kujera. Amma mu, ko a garin Manzo, ka ce mana zaɓe ne sai mun rabu gida biyu. Lurwanu, ɗan fataken goro ne tun kakanni, yana bi gida-gida yana rabon goro, yana alkawarin a zamaninsa ɓarawo ba zai kwana a unguwa ba.

Ya ce tun Asabar aka yi satar, bai kawo ƙara ba sai da ya gama nasa binciken.

"Wa kake zargi?" in ji Sufeto.

"Ba zargi nake ba, yallaɓai, sani na yi. Ɗanlami tela, abokin takarata. Je ka ja aljihun kekensa na ɗinki."

Sufeto ya duba ɗakin. An karya kwaɗo, amma ga rediyo nan sabuwa a kwalinta. Ya tambayi me kuma aka rasa. Lurwanu ya ce ba komai, sai dai kwanon da yake yi wa goron yayyafi. Sufeto ya ce tayyib, wato to shi ke nan, ya fita yana mamakin ɓarawon da zai bar rediyo ya ɗauki kwanon roba.

A aljihun keken kuwa aka sami goro cikin tafi biyu. Ɗanlami mutumin Chadi ne, dattijo mara yawan magana. Ya rantse ranar Asabar bai bar shago ba. Maƙwabcinsa ya ce tun la'asar shagon yake a kulle. Da aka kai Ɗanlami caji ofis ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: labule ya je ɗinka wa wani masauki ba da sanin kafilinsa ba, wato Balaraben da iƙamarsa, takardar izinin zama, take hannunsa. Mai masaukin kuwa, don kada laifin ya shafe shi, ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Ɗanlami ya san inda maganar ta dosa. Sata daga kullallen ɗaki, in alƙali ya tabbatar, yanke hannun dama ne. Ya zauna a bayan kanta yana murza yatsunsa.

Sufeto ya ɓare goro ɗaya. Ɗanye shakaf, har da danshi. Ko shi da bai taɓa ganin bishiyar goro ba ya san a zafin Madina goro ba ya kwana biyu a aljihun keke bai yanƙwane ba.

"Baba, wa ya zauna kusa da kekenka jiya?"

"Malam Lurwanu ya zo awon jallabiya. Wai takara ba gaba ba ce."

Da Sufeto ya bincika, aka ce masa kwanan nan da an sallame sallar Asuba Lurwanu unguwar Ƙurban yake wucewa neman ƙuri'a. A Ƙurban ya sami Indo mai ƙosai, wadda babu wanda ke shiga layin ba ta ƙirga shi ba. Ta ce ƙuri'ar wa? Ko sallama ba ya yi. Shagon surukinsa da ya tafi aiki Yanbu yake shigewa ya turo ƙofa.

"Ka ga ƙasan ƙofar can, ya waladi, ɗana? Kullum ruwa sai ya gangaro har murhuna. A garin nan da ko hadari ba ma gani."

Washegari, rana na fitowa, Sufeto ya tura ƙofar. Ga Lurwanu a tsugune, ya naɗe hannun riga, ya buɗe huhu, yana tsince masu tabo yana yayyafa wa sauran ruwa. Bai ko yi yunƙurin tashi ba.

"Da ka bar shi ya bushe, da ban same ka ba," in ji Sufeto.

"Goron daushe ne, yallaɓai. Ɗan gidanmu ba ya kallon goro yana mutuwa."

Sauran bayanin bai yi wuya ba. Dattawa sun karkata ga Ɗanlami don ba ya surutu. Lurwanu ya ga in ya kama ɓarawo kafin zaɓe, ɓarawon kuma ya zama abokin takara, an gama. Shi ya karya kwaɗonsa, shi ya zuba goron a aljihun keke.

"Wallahi da an yi zaɓe zan yafe masa."

"Kai ne za ka zama mai gabatar da ƙara? Ƙarar sata in ta kai gaban alƙali, yafiyarka ba ta mayar da hannu."

Ɗan sandan da ya rako Sufeto ya sa wa Lurwanu ankwa, aka sa shi a mota.

A ƙofar caji ofis suka yi kiciɓis da Ɗanlami ana sallamarsa. Lurwanu ya miƙo hannu biyu da ankwar, wai a yafi juna. Ɗanlami ya dubi hannuwan, ya dubi nasa na dama, ya tura shi can cikin aljihu.

"Jallabiyarka na yanka ta tun shekaranjiya," ya ce. "In ka fito ka nemi wani tela ya haɗa maka."