Ya Taɓa Min Sikelin Banɗaki

Buhun shinkafa mai kilo goma na ɗora a kan sikelin banɗakinmu. Allurar ta tsaya a tara.

Na sauke, na canja masa wuri a kan tayil, na sake ɗorawa. Tara dai!

Da safen nan aka auna ni a kemis, kilo sittin. Na hau namu, ya ce hamsin da huɗu.



Mijina ciwon zuciya gare shi. Likita ya ce in riƙa auna shi kowace safiya. In ya ƙaru da kilo biyu, ruwa ne ke taruwa a jikinsa, in kawo shi ba ɓata lokaci. Mako uku ke nan sikelin na nuna saba'in cif, ni kuma ina ta hamdala.

Na tarar da shi a falo, ya jingina da matashi uku, yana gyaran wani agogon hannu. Sana'arsa ke nan.

"Masoyi, wa ya taɓa min sikeli?"

Bai ɗago ba.

"Kin san kayan yanzu, Zuciyata. Ba su da ƙarko..."

"Cire safarka."

"Haba, sanyi nake ji."

Na durƙusa na cire da kaina. Ƙafar ta kumbura sumul. Na danna yatsa, ramin ya ƙi ciko.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Buɗe sikelin nake yi in kin tafi kasuwa," ya ce yana haki. "Kaɗan-kaɗan nake ragewa."

"Kashe kanka za ka yi?!"

"Na ji wayarku da Mama."

Tun farko mahaifiyata ba ta so auren ba, ta ce jinya zan tafi yi da ƙuruciyata. Ranar nan a waya ta rantse in aka sake kwantar da shi, da kanta za ta zo ta tafi da ni.

"Sai ka yarda zan bi ta?"

"Uwa ce fa. Ba zan sa ki saɓa mata ba... kuma ba zan iya kwana guda babu ke ba. Na ce ko wata ɗaya ne, in ƙara a gefenki."

Ina kuka na jawo masa takalmi. Bai shige shi ba. Da silifas ɗina ya fita.

A asibiti aka auna shi, saba'in da takwas. Likita ya dube ni ya ce ruwan ya kai huhu, ƙoda ma ta fara gazawa.

"Da kun zo mako biyu da suka wuce..."



Mama ta zo a rana ta uku da kwantar da shi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yadda yake kokawa da numfashi. Ba ta ce in tashi mu tafi ba. Kujera ta jawo, ta karɓi soson da nake goge masa fuska.

A rana ta tara, da hantsi, aka aike ni karɓo magani. Layin ya yi tsawo. Da na dawo, labule na tarar an ja.

Mama ce ta rufe masa ido.

"Ya yi magana?" na tambaye ta. "Ya kira ni?"

Ta fashe da kuka, ta riƙe hannuna.

"Cewa ya yi, Mama, yarinyar nan tun jiya ba ta ci komai ba, ki sa ta ci."