Mai Kuka Ba A Ɗaukarta

"Don Allah ki daina min wannan murmushin!"

Dogo ne ya daki teburin shagon ɗinkina har almakashi ya faɗo. Shekara biyu muna tare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Na ce miki Inna ta hana maganar aurenmu. 'Yar ƙanwarta ta je ta zuga ta, wai a gidan marayu kika tashi, ba wanda za a je wurinsa neman aurenki. Ke kuma kina washe min baki?"

"To me kake so in yi?"

"Ki ji haushi mana. Ko dai gaskiyarta ce, ba ki damu da ni ba?"

Wallahi na damu, amma fuskar nan tawa ta ƙi ba ni haɗin kai. Ya ɗauki hularsa ya fita, ni kuwa har da "a sauka lafiya".

Na tsani kaina ranar. A gidan da na tashi, duk ranar da baƙi za su zo, mai kula da mu takan shafa mana mai, ta jera mu a baranda, ta ce, "Mai kuka ba a ɗaukarta." Mu talatin, ita kaɗai, wa za ta rarrasa? Na yi murmushi ranar da aka ɗauke ƙawata da muke gado ɗaya. Na yi ranar da matar ta bar aiki ba sallama. Shekara goma sha takwas ina yi, ba wanda ya ɗauke ni.

Kwana uku shiru. A na huɗu na rufe shago na nufi gidansu.

Inna na shanya a tsakar gida, 'yar ƙanwar na miƙa mata kaya, Dogo na zaune a bakin ɗakinsa.

"Ga ta nan, Inna," in ji munafukar. "Dubi fuskarta, ko a jikinta."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a daƙile.

"Yarinya, me ya kawo ki?"

"Inna, ban iya ba ne..." Bakina na nan a washe. "Ba a koya min yadda ake cewa kar a tafi a bar ni ba. An ce in na yi kuka ba mai ɗaukata. Ina son ɗanki... tsoro nake ji."

Sai abin ya ƙwace min. Kuka mai muni, da majina da shessheƙa.

Inna ta daɗe a tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu. Can ta mayar da shi bokiti, ta jawo kaina jikinta.

"Wa ya gaya miki wannan maganar banza? Yi abinki, 'yata. Kai kuma, je ka kira kawunka, shi zai tsaya mata."

Dogo ya tsuguna a gabana, idonsa jajir.

"Masoyiyata, ban taɓa ganin kin yi muni haka ba."

Na galla masa harara. Shi ne mutum na farko da na taɓa harara a rayuwata, kuma bai tafi ba.